Inda Salsala Ta Tsinke

Ka tsayar da dattawa a kasuwar Augie ka ce kowa ya jero maka iyayensa, za ka ji abu iri ɗaya daga bakin mafi yawansu. Sunan uba da na kaka suna fitowa babu gargada. Na baban kaka sai an ɗan dubi ƙasa. Daga nan sai a yi tsalle, a tashi daga mutumin da ya yi zamani da Sarkin Kabi Sama'ila, wanda ya yi sarauta daga 1883 zuwa 1915, a dira kan Kanta, ko kan wani malami da aka ce ya fito daga gabas rataye da gafaka. Tsakanin Kanta da Sama'ila kuwa akwai kusan shekara 400. Mutanen da aka haifa suka haihu suka mutu a cikin waɗannan shekaru, waɗanda ba don su ba da babu mai ba da labarin, ba a ma san an tsallake su ba.

Ni ba son tarihi ya jefa ni cikin wannan bincike ba, gona ce. Wani ɗan ƙanen kakanmu ya rasu bai bar ɗa ba, ya bar gonar shinkafa a fadama, alƙali kuma ya ce a kawo masa asaba: wa ya fi kusa da mamacin ta wajen maza, kuma ta wace hanya. Gida uku suka taso, kowane da tasa salsalar, kuma babu maƙaryaci a cikinsu, kowa abin da ya ji yake faɗi. Masu cewa sanin asali ƙawa ce ta 'ya'yan sarauta ba su taɓa zaman rabon gado ba. Shari'a na neman sa a gado, tana neman sa a waliccin aure, tana neman sa wajen gane wadda ta halatta ka aura da wadda ta haramta, har da wadda kuka sha nono ɗaya.

Abin da ya fara kayar da ni sunaye ne. A gida irin namu suna biyu ko uku ne ke ta zagaye, domin kowa na son ya mayar da sunan mahaifinsa, sai ka rasa wane Muhammadu ake nufi, na kafin yunwa ko na bayanta. Alkunya kuma ta zo ta binne sunan yanka ɗungurungum. Uwa ba ta kiran ɗan fari, mata ba ta kiran miji, matan gida ba su kiran yaron da ya ci sunan maigida. Mutum zai tsufa ana ce masa Ɗanjuma ko Nomau, ya koma ga Allah jikokinsa ba su san sunan da liman ya raɗa masa ba. Tsohuwar da ta fi kowa sanin mijinta ita ce ba za ta furta sunansa ba ko da wuƙa a wuya. Dabarar da na koya ita ce in riƙa jero sunaye tana girgiza kai, in na faɗo daidai sai ta yi shiru ta kau da fuska.

Makabarta ba ta ba da amsa. Ba mu saba rubuta suna a kabari ba, itace ne ko fasasshiyar tukunya, damina kaɗan ta shafe su. Ban ga aibun wannan ba, ƙasa ta daidaita sarki da talaka. Sai dai abin da Bature ke samu cikin sauƙi mu ba mu da shi. A Ingila tun 1538 aka wajabta wa majami'u rubuta kowane baftisma da aure da jana'iza, shi ya sa jikan manomi a can kan bi sawun iyayensa shekaru aru-aru. Mu namu rubutun yana gefen littattafan malamai. Kakana na wajen uwa yakan rubuta haihuwar 'ya'yansa da ajami a bayan bangon Risala, rana da wata, wani lokaci har da shekarar hijira. Gara ta ci rabi, ambaliyar 2010 da ta mamaye garuruwan fadamar Rima ta jiƙa sauran. Takardun Turawa da ke gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Kaduna suna da amfani in hakimi ko dagaci kake nema. Talaka a cikinsu adadi ne: maza kaza masu biyan haraji, shanu kaza na jangali. Ka je gidan tarihi na Kanta a Argungu, wanda fadar sarki ce har 1942 kafin a buɗe shi ga jama'a a 1958, za ka sami sarakuna a jere, wane bayan wane. Wanda ya gina ganuwar da wanda ya tuƙa wa sarki jirgi, babu su. Boko ma da ya zo sai ya ƙara dagula lissafi, malamin aji ya liƙa wa yaro sunan garinsu a madadin na ubansa, rantsuwar shekaru kuma ta sa rabin gari aka haife su ranar 1 ga Janairu.

Duk da haka ana samun hanya. Tsofaffi ba su riƙe shekara ba, amma sun riƙe abin da ya faru. In aka ce wane yana goye lokacin yunwar Kakalaba, ka san wajen 1914 ke nan. In aka ce an yi auren wance shekarar da Sarkin Musulmi Hasan ya zo Argungu aka yi masa su a Matan Fada, 1934 ce. Canjin kuɗi daga fam zuwa naira, 1973. Dangin da iyaka ta raba mu da su a Dogon Dutsi da Doso, da waɗanda fataucin goro ya kai Gwanja, da waɗanda suka tafi hajji a ƙasa suka zauna Sudan, sau da yawa sun fi na gida riƙe sunaye, domin baƙo ne ke yawan maimaita wa 'ya'yansa daga inda ya fito. Malaman mazhabar Malikiyya kuwa sun san halin da mutane ke ciki, sun yarda a tabbatar da nasaba da shaidar ji, wato abin da ya bazu a bakin amintattu tun da daɗewa. Da ita alƙali ya raba gonar, kowa ya kama gabansa.

Waɗannan duk haƙuri ke maganinsu. Abin da haƙuri ba ya buɗewa shi ne shirun da aka yi da gangan.

A littafin da na fara cikawa, matan gidanmu duk ana iya bin sawunsu: wance ɗiyar limami ce, wance daga gidan masunta, wance cikin Arawan Kangiwa aka auro ta. Saura mace ɗaya, mahaifiyar kakana na wajen uba. Ba a faɗin garinsu, ba a faɗin ubanta, sunan ma da aka san ta da shi irin wanda ake laƙaba wa mutum ne. Gwaggo, yayar mahaifina, ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka gan ta da ido. Da na tambaye ta sai ta ce: "Kai Mai-sunan-Baba, mi kaka biɗa ga matattu? Garin tone-tone kaza ta tono wuƙar yanka ta." Na ce: "Gwaggo, so nake in ina yi wa magabata addu'a in san wadda nake yi wa." Ta daɗe tana tsintar tsakuwa a faifan shinkafa kafin ta ce: "Ba ɗiyar garin ga ba ta. Kawo ta anka yi tana yarinya, zamanin yaƙi. Zanen fuskarta ba irin namu ba na." Ta ƙara da cewa in tsohuwar tana lallashin jariri, da wani harshe take yi wanda babu mai jin sa a gidan. Iyakar abin da na samu ke nan.

Wanda ya san abin da ya wakana a wannan kwari ba zai yi mamaki ba. A 1805 mayaƙan jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ƙanen Shehu suka ci Birnin Kebbi. Kabawan da suka ƙi miƙa wuya suka ja zuwa garuruwan bakin gulbi, Augie na cikinsu. An kashe Sarki Karari a 1831, aka tafi da ɗansa Yakubu Nabame Sakkwato, ya dawo ya tayar da sarautar Kabi a Argungu a 1849. Daga nan har zuwan Turawa hari ake kaiwa ana ramawa tsakanin Kabi da Gwandu da Sakkwato, sulhun nan da ake kira Lafiyar Toga ma bai kai shekara 10 ba. Kowane ɓangare ya kwashi mutanen ɗaya ɓangaren, kuma cikin waɗanda aka kwasa akwai masu salla, waɗanda shari'a ba ta halatta a bautar da su ba. Dokar Gwamna Lugga ta 1901 ta 'yanta yaran da za a haifa daga Afrilun shekarar, amma ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Wato ba labarin zamanin da can ba ne, kakannin mutanen da ke raye yau sun riske shi. Ƙila a wani gida a ƙasar Gwandu akwai tsohuwa mai zanen Kabawa da aka yi shiru a kanta kamar yadda muka yi kan tamu.

To, a rubuta ko a bari?

Wani kawuna, malami mai karantar da Risala da Askari a zaurensa, ya ce a bari, kuma hujjojinsa ba na wasa ba ne. Ya ce Allah Mai sitira ne, yana son mai yin sitira, manyan da suka yi shiru kuma ba wawaye ba ne. Ya ce: "Ɗana, kana da ɗiya mata. Ranar da masu neman aure suka aiko binciken asali, kalma guda ta isa." Ya tuna mini hadisin da Muslim ya ruwaito, wanda ya lissafa sukar nasaba cikin ɗabi'un jahiliyya da za su daɗe cikin al'umma, ya ce duk wanda ya rubuta irin wannan ya wasa wa masu sukar wuƙa ne. Ya rufe da ayar Suratul Muminun da ta nuna ranar da aka busa ƙaho dangantaka ba za ta yi aiki ba, ya ce mene ne amfanin wahala kan abin da ba za a tambaye ka ba? Na ɗauki maganar da nauyi, domin na ga aure da idona ya lalace ana saura kwanaki, don kawai wata tsohuwa ta ce "ba su da asali".

Amma ban bi shi ba. Sitira laifi take rufewa, ko aibi. Yarinyar da aka sungume daga gaban uwarta, wane laifi ta yi? In akwai abin kunya a labarin, yana wuyan wanda ya kamo ta da wanda ya saya, kuma su ne muke jero sunayensu da alfahari. Ranar da muka shafe ta don mu rufa wa kanmu asiri, mun yanke hukunci ke nan cewa ita ce abin kunyar. Wannan hukunci ba na addini ba ne. A fiƙihun da kawun nawa yake karantarwa, ɗan da sa-ɗaka ta haifa wa ubangijinta ɗa ne cikakke, rabonsa na gado daidai yake da na ɗan matar aure, uwar kuma ba a sayar da ita, tana samun 'yanci da mutuwar uban ɗanta. Annabi Isma'ila ɗan Hajara ne, kuma ta tsatsonsa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fito. Kowace shekara alhazanmu na sassarfa tsakanin Safa da Marwa a kan sawunta. Mahaifiyar Haruna Rashid baiwa ce aka 'yanta, kuma mafi yawan halifofin Abbasiyawa 'ya'yan ƙwaraƙwarai ne. A fadojin ƙasar Hausa ma ba a rasa sarakunan da haka suke ba, kuma babu mai zuwa binciken asalinsu. Talaka kaɗai ake yi wa wannan awo. Hadisin da kawu ya kawo, mai suka yake zargi, bai ce wanda ake suka ya ɓoye uwarsa ba.

Akwai kuma zumunta. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito, wanda ya yi umurni da koyon nasaba, ya faɗi dalili ɗaya: don a sada zumunci. Iyayen kakannin kowane mutum takwas ne, ita ɗaya ce cikin takwas ɗina. Tana da uba da uwa, ƙila da ƙanne da suka tsira ranar da aka kai harin. Jikokinsu na nan wani wuri suna noma suna salla, 'yan'uwana ne, ban san su ba. Mai yiwuwa ba zan taɓa sanin su ba. Amma in na goge ta daga littafi, na rufe ƙofar ke nan har ga jikana, wanda wataƙila Allah zai ba shi abin binciken da ni ban samu ba.

Abin da ya fi shirun muni a wurina shi ne shawarar da wani ɗan'uwa ya kawo don a raba gardama. Ya ce a rubuta ta, amma a ce ɗiyar wani sarki ce aka kamo a yaƙi. Na lura duk gidan da ya yarda an kamo kakarsa, to gimbiya ce, kai ka ce mahara ba su taɓa ɗaukar ɗiyar manomi ba. Irin cikon da maroƙi ke yi ranar biki ke nan, ka liƙa masa 'yan kuɗi ya haɗa ka da Kanta kafin a kai amarya. Shi sana'arsa yake yi, kowa kuma ya san kirari ne. Haɗarin yana ga mai ɗaukar kirari ya zuba a takarda, domin bayan shekara 50 takarda ta zama hujja. Baƙaƙen fatar Amurka sun sha wannan. Ƙidayar ƙasarsu ba ta fara rubuta sunayen mafi yawansu ba sai 1870, bayan an soke bauta, don haka bincikensu a nan yakan ci karo da bango. Alex Haley ya fito da littafinsa Roots a 1976 yana cewa ya tsallake bangon har ƙauyen Jufure a Gambiya, daga baya masu bincike suka nuna shakka mai ƙarfi kan mutumin da ya ba shi labarin. Mai ƙishin asali yakan sami mai shayar da shi abin da yake son ji.

Shi kansa Kantan da ake rububin jingina da shi, asalinsa bai zauna wuri ɗaya ba. Tarihin Sudan na Sa'adi ya san shi a matsayin shugaban Leka da ya raka Askiya Muhammadu yaƙin Agadas, suka ɓata kan rabon ganima wajen 1516. Ruwayar Kabawa ta ba shi uba daga gabas da uwa ɗiyar Sarkin Katsina. Wata ruwayar ta ce bawan Fulani ne. Abin da babu mai musu a kansa shi ne ya tsaya wa rundunar Songhai, kuma kufan ganuwar Surame na nan har yau. Ba da salsala ya gina ta ba. Hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim ya yi kashedi mai tsanani ga wanda ya jingina kansa ga wanda ba ubansa ba alhali yana sane, kuma ban ga yadda ƙirƙiro wa kaka uba zai kuɓuta daga inuwar wannan kashedi ba.

Alƙur'ani bai bar mai gurbi a salsalarsa cikin ruɗu ba. Aya ta 5 a Suratul Ahzab, wadda ta mayar da Zaidu ga sunan mahaifinsa Harisa bayan an daɗe ana kiran sa ɗan Muhammadu, ita ce kuma ta faɗi abin yi idan ba a san uban mutum ba: a ɗauke shi ɗan'uwa a addini kuma majiɓinci. Ba ta ce a nemo masa uba na aro ba, ba ta ce a ɓoye shi ba. Zaidu ɗin nan kamo shi aka yi yana yaro aka sayar, kuma shi kaɗai ne sahabin da Alƙur'ani ya ambata da suna. Salim, wanda tarihi ya riƙe da laƙabin 'yantaccen Abu Huzaifa, shi ke limancin Muhajirai a Ƙuba kafin isowar Annabi, Umar na cikin masu bin sa, saboda ya fi su haddar Alƙur'ani.

Saboda haka na rubuta ta da laƙabin da aka san ta da shi, na rubuta abin da Gwaggo ta faɗa da ranar da ta faɗe shi, wurin sunan uba da na gari kuma na bar shi fari. Haka na yi wa littafin duka, na ari tsarin malaman hadisi: abin da na gani a rubuce daban, abin da mutum biyu da ba su haɗa baki ba suka faɗa daban, abin da "an ce" kawai ke riƙe da shi daban, kowane da sunan wanda na ji daga bakinsa. Wani yaro ya ba ni shawarar gwajin ƙwayar halitta da kamfanonin waje ke yi da yawu. Ba na hana mai kuɗinsa, amma gwajin yanki yake nunawa ba suna ba.

A wuri ɗaya na tsaya tare da kawu. Garin bin sawun namu, na ji na wasu gidaje, har da waɗanda suke ɗaga hanci a kan mutane. Ban rubuta ko harafi ɗaya ba, kuma ba zan faɗa ba. Labarin kakata haƙƙina ne da na 'yan'uwana, na kakar wani ba nawa ba ne, kuma wanda ya tono asalin maƙwabcinsa don ya ajiye shi ranar faɗa shi ne ainihin mai sukar nasabar da hadisi ya ambata. Ko a cikin gida ba kowa ya ji daɗin abin da na yi ba, akwai wanda har yau gaisuwarmu ba ta wuce ta hanya.

Kirana ga limamanmu ne, na Augie da Argungu da Birnin Kebbi da ƙauyukan da ke tsakani. Babu sunan da ake raɗawa, babu auren da ake ɗaurawa, babu gawar da ake sallata ba da ku ba. Kowane masallaci ya ajiye littafi mai kauri, a sa shi inda ruwa da gara ba su kai, a riƙa ɗaukar hoton shafukansa da waya ana ajiyewa wani wuri. In an raɗa suna a rubuta na yaron da na ubansa da na kakansa, da laƙabin da aka san su da shi. Sannan a aika cikin gida a tambayo sunan mai jego, da na ubanta, da na uwarta, da garin da aka auro ta, a rubuta su a layi ɗaya da na mazan kafin a raba goro.